Ciwon Haƙori Kala Huɗu

Wani ne ya yi kwas ɗin Turanci na wata uku, ya fito da takardar shaida da wani ƙamus mai kauri, shi ke nan unguwa ta shiga uku. In Bature ya tambaye shi hanya sai ya yi gumi kafin ya amsa. Amma ka kuskura ka ce kalma kaza da kalma kaza duk ɗaya ne a Turance, ranar yini za ka yi a tsaye. Wani maƙwabcinsa ya taɓa roƙonsa ya rubuta masa takardar neman hutun kwana biyu a wurin aiki. Gogan naka ya yi mako guda yana auna bambancin leave da break da holiday. Ranar da ya kawo takardar, an riga an ba maƙwabcin hutun da babu dawowa.

To, ana nan sai haƙori ya tasa surukinsa a gaba. Kuncin tsohon ya kumbura kamar ya ɓoye ƙwallo a baki, kwana uku ko ruwa da ƙyar yake wucewa. Likitan haƙori kuwa ɗaya ne a asibitin, Bature ne, bayan wata uku-uku yake zuwa, kuma Hausa ko "zo in kashe ka" ba ya ji. Nas ɗin da ke yi masa tafinta ta tafi haihuwa. Ranar ce kuma ta ƙarshe, sha biyu daidai mota za ta kai shi filin jirgi.

Matar gogan ta ce masa, "Don Allah ka raka Baba. Ka ce haƙori ke ciwo, a cire. Iyakar aikinka ke nan."

Ya yi murmushin tausayi. "Ke a ganinki ciwo ciwo ne, ko?"

"A ganina ka bar littafin nan a gida."

Ya ce to. Ya cusa shi cikin riga.

Suka sami lamba goma sha tara, suka zauna a benci ƙarƙashin wata fanka da ta daina juyawa tun zamanin da aka ɗaura ta. Tsoho ya dafe kunci da hannu ɗaya, ɗayan yana kan sandarsa. Gogan ya zaro ƙamus ya ɗora a cinya.

"Baba, kafin mu shiga, wane iri ne?"

"Wane irin me?"

"Ciwon. Turawa kala huɗu gare su. Akwai pain, wannan sara yake yi. Akwai ache, shi nuƙurƙusa yake, ba ya tashi ba ya kwanciya. Akwai sore, sai an taɓa wurin ake jin sa. Sannan akwai throb, mai bugawa kamar ana kiɗa. Naka wanne ne?"

Tsoho ya ce, "Zogi yake."

"Ai zogi Hausa ce, Baba."

"To ni da Hausa yake mini ciwon."

Wata mata da ke kusa da su ta toshe baki da gyale. Gogan bai ko kalle ta ba, jahilai ai ba a biye musu. Ya kai yatsa ya danna kuncin tsohon don ya gwada ko sore ne. Tsoho ya zabura, sai da hularsa ta faɗo.

"Alhamdu lillahi, mun samu ci gaba," in ji gogan. "Akwai alamun sore. Amma da ban taɓa ba, yana yi?"

"Yana yi, ɗana. Da ka taɓa kuma ya ƙaru. Allah Ya yi maka albarka."

Ya ce amin da zuciya ɗaya.

Sha biyu saura kwata aka kira lamba goma sha tara. Aka kwantar da tsoho a kujerar nan mai komawa baya, aka haska masa fitila a fuska. Likita ya sa safar hannu, ya dubi kumburin, ya tambaya da Turanci ko toothache ne.

Kun ga da gogan ya gyaɗa kai, da an gama. Amma ina. Ya sha gaban kujera, ya ɗaga hannu kamar ɗan sandan kan titi. Ya shaida wa likita, cikin Turancinsa mai ɗingishi, cewa ba a riga an tabbatar ache ne ba, bincike bai kammala ba. Likita ya ce babu komai, duk ɗaya ne, a buɗe baki kawai.

Duk ɗaya ne! A gaban wa?

Gogan ya juyo wurin surukinsa, ransa a ɓace. "Ka ji, Baba? Wai duk ɗaya ne. Haka kawai za mu miƙa bakinka ga mutumin da bai san bambancin pain da ache ba?"

Tsoho ya ce, "Ba yarensu ba ne?"

"An haife shi a ciki ne kawai. Ni karantawa na yi."

Ya buɗe shafi na ɗari huɗu da wani abu, ya kai wa likita har hanci, yana bin layi da yatsa. Likita ya zaga ta dama, gogan ya tare. Ya zaga ta hagu, ya tare. Masu jira a waje suka fara buga ƙofa. Likita ya dubi agogon bango, sha biyu saura biyar. Ya sauke numfashi, ya cire safar hannu ɗaya, ya jawo jakarsa.

Tsoho ba ya jin Turanci, amma ya san ma'anar jaka. Wata uku ke nan zai ƙara yi da wannan kunci.

Ya ce a hankali, "Ɗana, matso ka ji. Ina jin na gano wanne ne."

Gogan ya matso da sauri, fuskarsa fal farin ciki, ƙamus a buɗe. Silifas ne a ƙafarsa. Tsoho ya ɗaga sanda da hannu biyu, ya auna babban yatsa, ya sauke ta da ƙarfin kwana uku na rashin cin abinci.

"Wayyo Allah na!"

Ko kalma ɗaya ta Turanci ba ta fito ba. Ƙamus ya yi can, gogan ya yi nan, yana tsalle da ƙafa ɗaya har jikin bango. Likita ya ga hanya ta buɗe, ya ajiye jaka, ya mayar da safar hannunsa, ya ɗauko allura.

Kafin tsoho ya buɗe baki, ya waiwaya ya dubi surukinsa, sandar tana nan a hannu.

"Irin wannan ne. Natsu ka tantance sunansa, ɗana. In ba ka gane ba, mu gwada sauran ukun."