Ranar da Agogona Ya Kira Balki

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da agogon hannuna ya kwance mini zani a zauren surukina, tun ma kafin ya zama surukin nawa.

Ni mutum ne mai tsoron ciwo. Kaina ya ɗan sara, sai in fara tunanin wasiyya. Shi ya sa da na ga wani agogo a kasuwar Jega, wanda ke auna bugun zuciya da barci har da yawan damuwa, ban yi wata-wata ba na ɗaura. Mai shagon ya ce in mutum ya faɗi bai motsa ba, agogon da kansa zai kira wanda aka sa masa lambarsa. Mai hankali zai sa yayansa. Ni kuwa na sa Balki, yarinyar da nake nema a Maiyama, na kuma haɗa shi da wayarta don ta riƙa ganin yadda zuciyata ke bugawa (soyayya ce, kada ku tambaye ni).

Ana nan sai mahaifinta ya aiko yana son ganina. Malam mutum ne mai kwarjini, ga gemu har ƙirji, an ce manema biyu ya sallama saboda rawar kai. Kawuna na Aliero ya raka ni, tun a kan babur yake ja mini kunne: «In mun shiga ka duƙa, kak ka ɗaga kai, kak ka motsa sai ya gama gaisuwa.»

Muna shiga na zube. Ba durƙuso na yi ba, zubewa na yi gaba ɗaya kamar an sauke buhun albasa, don dai a ga ladabi. Na dafa ƙasa, na ƙame.

Sai na ji agogo yana kakkarwa a hannuna. Na san tambaya yake ko lafiya nake, dannawa ɗaya ta isa ya yi shiru. To amma wa zai duba agogo a gaban uban budurwa? Ai cewa za a yi ka gaji da zama. Na ƙyale shi, gumi na bin bayana, Malam kuwa bai ko kai tambayar mutanen gida ba.

Can sai zaure ya ɗauki ƙarar kira, sai ga muryar Balki raɗau daga wuyan hannuna.

«Wayyo masoyina, hwaɗuwa ka yi? Ga zuciyarka nan ina gani tana ta tsalle! Ba na ce maka kak ka ji tsoron Baba ba? Gemun na kawai, ko kaza ba ya iya yankawa!»

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Kawu ya shiga tarin ƙarya. Ni kuwa na rufe agogon da hannun riga, wai ko zai yi shiru, ita kuma tana ta «Ka yi magana mana!»

Malam ya shafa gemunsa a hankali, ya sunkuyo daidai hannuna.

«Balkisu, bai hwaɗi ba, gaisuwa ya kai. Kawo mai ruwa.»

Kiran ya katse ɗif. Na riga na sallama auren, har na fara tunanin hanyar gida. Sai Malam ya dubi Kawu ya ce: «Yaron ga ba ya iya ɓoye komi, ko ya ɓoye hannunai na hwaɗi. Na ba shi.»

Yau 'ya'yanmu biyu. Lambar yayana ce a agogon yanzu, kuma na koyi durƙuso a hankali kamar mai ciwon gwiwa. Amma har gobe in na je gaisuwa, kafin in kai ƙasa Malam zai ɗaga hannu: «Sannu-sannu dai, kada a kira muna agaji.»