Safar Hannun Hajiya

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na fara gaida mahaifiyar Sadik ba, wato wanda zan aura. Hajiya ta zo Doha ganin jikoki, ta sauka gidan yayarsa, Anti Rabi, a unguwar Al Muntazah. Sadik ya ce min ba zafin garin ne ya dame ta ba, sanyin esi ne, hannuwanta har ciwo suke.

Da wata ce, da turare za ta je, ko dabino. Ni kuwa (Allah ya shirye ni) sai na ce saƙa zan yi mata, don ta san hannun surukarta ba na latsa waya ba ne kawai. Na sayi ulu launin toka, kamar sararin sama gab da asuba, na zaɓi safar hannu marar yatsu, mai ƙananan ƙulle-ƙulle a baya kamar 'ya'yan magarya. Ina saƙa ina hango Hajiya tana share ƙwalla tana sa min albarka. Duk wadda na gama sai in gwada a hannun hagu, tunda na dama yana riƙe da waya ina ɗaukar hoto.

Ranar na durƙusa na gaishe ta, na miƙa mata ƙunshin, kaina a ƙasa. Ta warware, ta juya, ta leƙa ta wannan baki ta hango ni ta wancan.

"Sannu 'yata. Zaren ne ya ƙare?"

Na ce, "A'a Hajiya, haka ake yin ta."

"To yatsun fa, su ba sa jin sanyi?"

Anti Rabi ta ce, "Hajiya, gayu ne, yalla, maza saka mu gani."

Ta hagu ta zauna cif, har na fara numfashi. Aka zo ta dama. Babban yatsa ya nemi ƙofarsa ya rasa, ga ta can wajen ƙaramin yatsa. Hajiya ta juya hannu, ni na juya safar, Anti Rabi ta juya kai. Da yatsan ya samu shiga, sai adon ya koma tafin hannu, baya kuwa sumul. Wallahi na daɗe ina kallo ina zargin hannun baiwar Allah, kafin na gane abin da na aikata. Hagu biyu na saƙa.

Anti Rabi ta shige kicin, ina jiyo dariyarta tare da ƙarar famfo. Ni kuwa ina neman inda ƙasa za ta tsage a hawa na huɗu.

Hajiya ta lanƙwasa yatsu ta shafa ƙullin da ke tafinta ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi.

"Oho! Ta tasbihi ce ashe. Rabi, zo ki ga yarinya mai hankali!"

Na buɗe baki in faɗi gaskiya, sai na ji kaina ina cewa, "Allah ya ba da lada, Hajiya."

Tun daga nan na koyi cewa in za ka yi wa mutum abu, ka tuna hannu biyu gare shi. Sai dai darasin bai amfane ni ba tukuna, don ƙawayen Hajiya a Zariya sun aiko, kuma duk irin tata suke so.