Faifan Maigandi Ya Sha Rana

"Daga yau Sakkwato ta yi mini kaɗan!" in ji Maigandi, masinjan ofis mai kaɗa gurmi a Runjin Sambo, ranar da ya dawo daga Ikko rungume da faifan garmaho. Kuɗin Udoji, wato ariyas na ƙarin albashin ma'aikata, su ne suka faɗo masa. Kowa ya sayi babur, shi kuwa ya tafi aka ɗauki muryarsa, shi kaɗai da gurminsa, waƙoƙi shida a kan damina da kewar ƙauye. Faifan gwaji ɗaya tak aka ba shi.

Gaskiya waƙoƙin da daɗi, aboki. Mai su ne Allah ya jarabta da cika baki. Yana shiga gida ya jefa wa matarsa Delu gurmin.

"Ɗauke tarkacen ga. Wanda yash shiga faifai ya wuce ƙwarya!"

Malam Hayatu na gidan rediyo ya yi alkawarin zuwa bayan La'asar ya saurara, in ya yi masa ya sa duniya ta ji. Amma gogan naka bai iya jira ba. Tun da safe ya zaga unguwa da faifan, mai ƙosai ta taɓa, mai tsire ya shafa, har ya yi maiƙo kamar kaskon suya. Sai ya dawo ya dirje shi da soso da sabulu, ya shanya a kan rufin kwano. Ga shi kuwa tsakiyar bazara!

"Maigida, rana ba ta ɓata shi?" in ji Delu.

"Ke mi kinka sani ga kayan Turawa?"

Kafin Azahar faifai ya lanƙwashe, ya koma kamar malfa. Amma Maigandi bai saduda ba. Ya cika dutsen guga da garwashi ya danna masa. Gefe ɗaya ya miƙe sumul, waƙoƙi uku suka bi gugar.

Malam Hayatu ya iso, rabin unguwa na biye da shi. Aka ɗora faifai. Allura ta hau tudu ta gangara kwari, muryar Maigandi ta fito tana maƙalewa tana shaƙewa kamar bunsurun da aka ja kasuwa. Mutane suka yi ta faɗuwa don dariya.

Malam Hayatu ya share hawaye. "Ba komi. Ɗauko gurmin ka yi muna da bakinka, in ji ko ɗaya."

Maigandi ya ji sanyi a ransa. "Delu! Kawo gurmina!"

Delu ta nuna bakin rijiya. Ga ƙwaryar gurmin can, an ɗaye fatar, kaji huɗu sun kewaye ta suna shan ruwa.

"Kai kac ce ka wuce ƙwarya," in ji ta. "Da faifan ga na ba su, tunda ya yi zurhi. Amma shina da huji tsaka, ko ruwan kaji bai riƙewa."