Masanin Duhu a Gidan Sanyal

Duk birnin Kalkata babu mai ido irin na Dokta Nirmalendu Bagchi. Mu in mun ga zane, zane muke gani. Shi kuwa abin da mai zanen ya ɓoye yake hangowa, shi ya sa a teburin mai shayi muke ce masa Gani-Har-Hanji. Ya taɓa leƙa Paris sau ɗaya, tun daga nan shayinmu ya daina yi masa daɗi.

Bana mutanen gidan Sanyal, tsofaffin attajirai, suka ce za su buɗe zauren zane-zanen kakanninsu ga jama'a, suna neman shugaban zaure. Zaɓin yana hannun uwar gidan, tsohuwa Hemnalini. Dokta ya riga ya gaya wa surukansa kujerar tasa ce, saura kawai ya yi jawabi a ji.

Ranar jawabi ya tsaya gaban zanen kakan gidan, Kalikinkar, wanda wani Bature ya zana tun zamanin da Kamfanin Turawa ke mulkin ƙasar. Rabin fuskar baƙi ƙirin, hannun hagu ya ɓace cikin duhu. A ƙarƙashinsa kaskon turaren wuta yana ta hayaƙi, kamar yadda ake ajiye wa kakanni kowace yamma. Dokta ya ce a ɗan janye shi, yana sa shi tari.

"Jama'a, ku dubi duhun nan!" in ji shi. "Masu zanen wancan zamani ba sa zuba baƙi a banza. Idon da ya ɓoye, baƙin cikin ƙasar da aka mallake ne. Hannun nan kuwa, wuƙa ce a ciki ko wasiƙar masoyiya? Jahili ne ke tambaya. Masani shiru yake yi!"

Bai yi shirun ba. Da ya zo kan "masani", yawu ya yi tsalle daga bakinsa ya sauka a kumatun marigayi. Dokta ya zaro hankici fari fat, ya goge da sauri kafin a gani. Hankici ya dawo baƙi. Wurin da ya goge kuwa ya yi haske, ga ido tangaran yana kallon mutane.

Mai hankali da nan ya tsaya. Amma garin neman gira aka rasa ido: Dokta ya shiga murza gefe da gefe wai ya daidaita tabon, gumi yana taya shi. Kunci ya fito, ɓul-ɓul. Murmushi ya fito. Ya gangara ƙasa, sai ga hannun asiri riƙe da mangwaro, har an gatsa.

Wallahi na ji tausayinsa, amma dariya ta fi ƙarfina.

"Mashima," ya ce wa tsohuwa, wato Gwaggo da yarensu, "ai wannan ma wani asirin ne mai zurfi, domin mangwaro a wajen masana..."

"Kai, ɗan nan, rufe mana baki," in ji Hemnalini, tana share hawayen dariya da gefen sarin da ta yafa. "Tun ina amarya ake ce mini kakan nan namu fara'a gare shi, ban taɓa yarda ba sai yau. Ashe hayaƙinmu ne! Shugaban zaure dai sai mu ƙara dubawa. Amma hannunka da kyau. Gobe ka zo da tsumma babba, sauran kakannin suna saman bene."