Damtsen Jatau Mai Jiƙo

Abin da Gwoggo Ladidi ta yi asara shi ne tunkiya guda da cin kasuwa uku. Abin da ta samu kuwa, Jatau ne a tafin hannunta.

Jatau ɗin nan wani mutum ne mai tallar jiƙo a kasuwar Tudun Gawo, baki kamar rediyo. Wai jiƙonsa kofi ɗaya, taifot ta hango ka ta canja hanya.

"Allurar rigakafi? Ta ragwaye ce! Ni ko ruwan kwata na sha, cikina sai dai ya yi hamdala!"

Ladidi mai koko, wadda tun rasuwar mijinta ba wanda ya taɓa cin ribar sisinta, ita ce ta ba shi tunkiya ya cika mata jarka. Ma'aikatan lafiya suka zo, ta kore su. Ba a yi wata ba taifot ta maka ta da ƙasa. Zazzaɓi, ciwon ciki, kai kamar ana daka sakwara. Da ƙyar asibiti suka ceto ta.

Ranar da ta miƙe, siririya kamar muciya, ta tarar da shi bayan rumfar mahauta yana sirka jiƙo. Caraf ta cafke masa damtse.

"Wayyo Allah hannuna!"

Ya yi tsalle, hula ta faɗi, wani kati ya faɗo daga ciki. Ladidi ba ta yi nisa a boko ba, amma ta san hoton sirinji. Ta yaye hannun rigarsa. Ga auduga, ga filasta.

"Au! Mai cikin ƙarfe, wannan fa?"

"Gwoggo, kunama ce."

"Kunamar har kati take bayarwa?"

Ashe tun da ya ji ta kwanta, tsoro ya kama shi, har jiya-jiya ya sulale garin gaba aka tsira masa allurar rigakafi. Nan ya zube, yana waige-waige.

"Gwoggo, rufa min asiri. Zan dawo miki da tunkiyarki."

"Albarka."

"Da ɗan da ta haifa!"

"Albarka. Kwana ashirin ina kallon rufin ɗaki, mata huɗu sun saya saboda sun ga na saya, ka ce tunkiya?"

"To Gwoggo, faɗi. Wallahi ko nawa ne!"

Ta gyara ɗaurin zani, ta soke katin a ƙugu, ta dube shi sheƙeƙe.

"Tunkiya da ɗanta, wannan ba ciniki. Sannan ranar Laraba masu allura za su dawo. Za ka tsaya kan turmi a tsakiyar kasuwa, ba riga, ka ɗaga damtsen nan sama. Duk wanda ya wuce ka ce masa, 'Ni ne ragon farko, ku bi layi.' Tun daga hantsi har la'asar."

"Gwoggo, a bar min ko shimi mana!"

"Ba shimi. A haka na sallama."