Jirgin da Zai Zo Ɗaukata a Tawa

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwata Hadiza ba, ko na so in manta mutanen unguwarmu ba za su bari ba.

Lokacin ina aiki a wani gidan burodi a Beljiyam, na samu hutu na zo Tawa. Kun san halinmu na 'yan Adar, wanda ya dawo daga waje dole ya nuna abin da ya samo. Wasu mota, wasu buhunan shadda. Ni ban da komai sai wani kati shuɗi na inshorar lafiya da na saya ta waya daga wani kamfani na wata ƙasar daban, don ya fi na Beljiyam araha. Shi na riƙa zarowa a kowace majalisa ina cewa, "Wanga kati, ko ciwon kai na yi, jirgi za a aiko a ɗauke ni." (Allah na tuba, har da ɗaga hanci.)

Ranar ɗaukar amarya makaɗa suka kama kirarin gidanmu, jini ya hau mini kai, na faɗa fili da takalmi mai santsi. Tsalle na farko lafiya. A na biyu na ji ƙas a idon sawuna, sai ga ni a ƙasa. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don aikina na tsayuwa ne, in ƙafar ta lalace ba ni ba komawa.

Kawu Illa, wan Inna da ya zo daga Bambeye, ya ce, "Ku tahi da shi asibiti maza."

Na ce a dakata, manya ba sa shiga layi. Na kira lambar da ke bayan katin, na kuma buɗe muryar wayar don surukai su ji.

Wata mata ta ɗauka da faransanci, muryarta kamar zuma. Ta ce da farko inshorar ba ta aiki a ƙasar da aka haifi mutum. Na biyu, tunda ina da takardar zama a Beljiyam, dokar can ta ce in shiga tsarinsu na cikin gida, katin kamfaninsu na baƙi masu wucewa ne. Wato tun ranar da na zama mazauni, katin nan ko a can ba ya sayen ƙwayar ciwon kai.

Inna ta matso ta ce, "Mi ta ce, ɗana?"

Na ce, "Ta ce jirgin na shan mai."

Na manta a Tawa nake, inda rabin taron sun yi lakwal, suna jin faransanci. Wani abokin ango ya toshe baki da hula, kafaɗunsa na rawa. Madam Rahila, malamar da ta koya mini faransancin tun ina yaro, ta dube ni da tausayi ta ce, "Inna, kamin shi gama shan man, mu kai shi nan kusa."

A bayan a-kori-kura aka kai ni asibiti, tsakanin tukwanen amarya. Ƙawayen bikin Inna, matan da ta shekara tana kai wa gudummawa a suna da aure, su suka kwance bakin zane aka yi mini hoto da ɗori. Ba wadda ta tambaye ni inda nake da zama. Na yi kuka a gadon nan, kuma ba zafin ƙafa ba ne.

Ƙafa ta warke, na koma aiki da 'yar ɗingishi, na je na yi rajista inda doka ta ce. Abin da na koya shi ne, kafin ka sayi abu don arha ka tambayi ko a ina yake aiki. In kuma za a faɗa maka gaskiya ta waya, to ka manna ta a kunnenka, kai kaɗai.