Wutsiyar 'Ya'yan Kwaɗi

Daminar da ta biyo bayan gyaran ganuwar Birnin Kudu, ramukan da aka ɗebi ƙasa suka cika da ruwa. Ni kuwa, magidanci da gemuna, na tsuguna a bakinsu ina kallon 'ya'yan kwaɗi. Ba hannu ba ƙafa, sai wutsiya kamar bulala. Su kaɗa ta hagu da dama, sai ka ga sun yi gaba. Har 'yan mitsi-mitsin da ido ke gani da ƙyar, haka suke tafiya.

Na je dandali na yanke hukunci: "Abin ruwa, wutsiyarsa ce ƙafarsa. Ranar da ta gutsure, ya zauna ke nan."

Don in tabbatar, na kwaso su na zuba a tsohuwar randar zaure. Matata ta ce, "Malam, ka rufe ta mana." Na ce, "Ina za su? Ba ki ga wutsiyar tana ƙanƙancewa ba?" Ƙafafun da suka fara tsirowa kuwa, na ɗauka ado ne.

Ranar da surukina ya iso daga Gwaram, na shimfiɗa masa buzu a zauren, aka kawo fura. Ya ɗaga ludayi ke nan, ɗan kwaɗo ɗaya ya yi tsalle daga randar ya faɗa cikin ƙwaryar. Sauran suka biyo baya, har kan rawaninsa.

Tsohon ya dubi furar, ya dube ni. "Wannan ma cikin tarbar ne?"

Har yau in na makara zuwa gona, sai wani ya ce, "Ku ƙyale Malam, wutsiyarsa ce ta gutsure."